Haɗarin da Ke Biyo Bayan Girgizar Ƙasa Idan Dutse Ya Tare Kogi

Daga Wakilinmu

A ranar 1 ga watan Yuni na shekarar 1786, aka yi wata mummunar girgizar ƙasa a lardin Sichuan da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin. Gefen wani dutse ya zaftaro, ya faɗa cikin kogin Dadu, ya toshe shi. Mutanen garuruwan da ke ƙasan kogin sun tsira daga girgizar, sun koma harkokinsu. Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Bayan kamar kwana 10 ruwan da ya taru ya fasa tarin ƙasar, ya kwararo gaba ɗaya. Tarihin ƙasar ya ƙiyasta cewa mutane wajen 100,000 ne suka halaka a wannan ambaliya, adadin da ya ninka na waɗanda girgizar kanta ta kashe nesa ba kusa ba.

Wannan al'amari yakan auku ne a ƙasashe masu manyan duwatsu, inda koguna ke ratsa ƙunƙuntattun kwazazzabai. Idan ƙasa ta girgiza, sai duwatsu da tsakuwa da turɓaya su gangaro, su cike kwazazzabon cikin 'yan mintoci. Da yake kogi ba ya daina zuwa, sai ruwa ya riƙa taruwa a baya har ya zama tafki.

Bambancin irin wannan madatsa da wadda injiniyoyi suka gina, kamar ta Kainji, shi ne babu wanda ya daɓe ta, kuma ba ta da ƙofar da za a buɗe a rage ruwa. Saboda haka idan tafkin ya cika, ruwa yakan bi ta samanta, ya fara cin ƙasar da kaɗan kaɗan, kafin a ankara ƙaramar hanya ta zama makeken rami. Binciken masana ya nuna cewa mafi yawan waɗanda suka fashe ba su kai shekara guda ba, da yawa kuwa ko kwana goma ba su cika ba.

Ba a ƙasar Sin kaɗai aka ga haka ba. A shekarar 1841 zaftarewar ƙasa kusa da dutsen Nanga Parbat, a yankin da ke hannun Pakistan a yanzu, ta tare kogin Indus na tsawon watanni. Da madatsar ta fashe a watan Yuni, ruwan ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, ya share wata rundunar sojojin Sikh da ta yada zango kusa da garin Attock.

Amma fa ba dukkansu ke fashewa ba. A watan Fabrairu na 1911 girgizar ƙasa a tsaunukan Pamir, cikin ƙasar Tajikistan ta yau, ta binne ƙauyen Usoi, ta toshe kogin Murgab. Tsayin tarin ya zarce mita 500, watau ya ninka madatsar Kainji kamar sau takwas, kuma babu madatsar da ta kai shi tsayi a duniya. Tafkin Sarez da ya taru a bayansa yana nan har yau, fiye da shekara 100, domin ruwa na tsiyaya ta tsakanin duwatsun, bai taɓa hawa samansu ba. Duk da haka hankali bai kwanta ba, gama a ƙasan tafkin akwai al'ummun da ke zaune a gaɓar kogunan Bartang da Panj da Amu Darya. Don haka ne aka girka na'urorin gargaɗi a wurin, da taimakon Bankin Duniya.

Darasi mafi girma ya fito ne daga lardin Sichuan ɗin nan dai. A ranar 12 ga Mayu, 2008, girgizar ƙasa ta kashe mutane kusan 70,000, ta kuma haddasa tafkuna masu yawa. Mafi haɗarinsu shi ne na Tangjiashan, a saman garin Beichuan, wanda ruwansa ya wuce cubic mita miliyan 200. Da yake hanyoyin mota duk sun yanke, sai aka yi amfani da jiragen sama masu saukar ungulu wajen kai katafiloli kan tarin ƙasar. Sojoji da injiniyoyi suka yi aiki dare da rana suna haƙa magudana, yayin da hukuma ta kwashe mutane fiye da 250,000 zuwa tudu. Ruwa ya fara bin magudanar ranar 7 ga Yuni, ranar 10 ga wata kuma ya ɓalle da ƙarfi, ya ratsa kufan Beichuan, amma ya tarar jama'a sun riga sun tashi.

Idan aka kwatanta 1786 da 2008, za a ga lardi ɗaya ne, haɗarin kuma iri ɗaya. Abin da ya raba su shi ne yadda aka yi amfani da 'yan kwanakin da ke tsakanin toshewar kogi da fashewarsa. Girgizar ƙasa ba ta sallama, amma ambaliyar da ke bin bayanta takan ba da alama. Idan kogin da aka saba gani cike ya janye haka kawai bayan ƙasa ta motsa, to ruwan yana can sama yana taruwa. Wajibi ne hukuma ta aika a duba wurin nan take, su kuma mazauna gaɓa su hau tudu ba tare da jiran umarni ba.