Abdul Sattar Edhi: Gatan Marasa Gata a Birnin Karachi

An haifi Abdul Sattar Edhi a shekarar 1928 a garin Bantva na yankin Gujarat, a ƙasar Indiya. Yana yaro, duk sanda zai tafi makaranta mahaifiyarsa takan damƙa masa kwabbai biyu, ɗaya nasa, ɗaya kuma na duk mabukacin da ya tarar. Idan ya dawo sai ta tambaye shi wa ya bai wa, in kuwa ya cinye duka biyun, ranar zai sha faɗa. Da haka ta koya masa cewa a cikin abin da ke hannunsa akwai rabon wani.

Yana ɗan shekara 11 ciwon shanyewar jiki ya kwantar da ita. Shi ne mai yi mata wanka, shi ne mai ba ta abinci a baki, shi ne mai sauya mata tufafi, har Allah ya karɓi ranta yana da shekara 19. Wannan doguwar jinya ta bar masa tambayar da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa: mahaifiyarsa dai tana da ɗa mai kula da ita, to ina waɗanda ba su da kowa?

A 1947, lokacin da aka raba Indiya da Pakistan, danginsa suka yi hijira zuwa Karachi. Ya fara da tallar ƙananan kaya a titi, daga baya ya shiga dillancin yadi a kasuwa. A 1951 ya buɗe wani ɗan ƙaramin ɗakin shan magani kyauta a unguwar Mithadar. Da annobar mura ta ɓarke a 1957, ya kakkafa tantuna, ya roƙi ɗaliban likitanci su zo su duba jama'a fisabilillahi, suka amsa. Mutanen gari suka gani da idonsu inda taimakonsu ke tafiya, sai gudunmawa ta fara kwarara. Da ita ya sayi tsohuwar mota ya mayar da ita ta ɗaukar marasa lafiya, shi da kansa yake tuƙawa.

Aikin da kowa ke gudu shi Edhi ya runguma. Gawar da aka tsinta a kwata ko a bakin teku, ta kumbura ba wanda ya san danginta, shi zai ɗauko, ya yi mata wanka da hannunsa, ya sa mata likkafani, a yi mata sutura kamar kowane ɗan gata. Shi da matarsa Bilkisu, wadda ma'aikaciyar jinya ce a wurinsa kafin su yi aure, suka ajiye gadajen jarirai a ƙofar cibiyoyinsu, domin duk wadda ta haihu ta rasa yadda za ta yi, ta ajiye jinjirin a nan maimakon ta jefar da shi a bola. Ba a tambayar sunanta. Wasu malamai suka yi masa ca, suna cewa yana buɗe ƙofar ɓarna, wasu kuma suka soke shi saboda motocinsa ba sa bambanta Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Bai fasa ba, kuma ta wannan hanya dubban yara suka rayu, da yawansu suka sami iyayen riƙo.

Ba ya karɓar kuɗin gwamnati. Yakan zauna a bakin titi yana neman taimako, lebura da mai tura baro su jefa abin da ya sawwaƙa. Da irin wannan taro da sisi gidauniyarsa ta mallaki motocin ɗaukar marasa lafiya sama da 1,500, da gidajen marayu, da na tsofaffi, da na masu taɓin hankali. Duk da maƙudan kuɗin da ke bi ta hannunsa, tufafinsa kala biyu ne kacal, kwanansa kuma a ɗan ɗaki kusa da ofishinsa.

A 2013 ƙodarsa ta gaza. An yi masa tayin fita waje neman magani, ya ƙi, ya zaɓi a yi masa wankin ƙoda a asibitin Karachi inda talakawa ke zuwa. Ya rasu ranar 8 ga Yuli, 2016, bayan ya bar wasiyya a ba da idanunsa, kuma makafi biyu suka sami gani ta dalilinsa. Gwamnati ta yi masa jana'izar girmamawa, dubban mutane suka sallace shi a babban filin wasa na birnin.

Da yawanmu muna ɗaga alheri sai ranar da muka yi arziki. Edhi ya fara ba shi da dukiya, ba shi da zurfin karatun boko, abin da yake da shi lafiyar jiki ce da lokaci da tausayi, ya kuma ɗauke su a matsayin amanar da Allah zai tambaye shi a kanta. Irin wannan amana tana hannun kowannenmu, kuma a kusan kowace unguwa akwai majinyaci ko maraya da ke jiran wanda zai leƙo shi. Allah ya jiƙan Edhi, ya ba mu ikon sauke tamu.