Wanda Ya Daɗe Kafin Ya Gama Digiri, Ina Matsayinsa A Neman Karatun Likita?

Daga Wakilinmu a Sakkwato

A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, akwai ɗalibai masu yawa da ke karatun Bayoloji ko Kemistiri a Dundaye, amma zuciyarsu tana can Kwalejin Kimiyyar Lafiya kusa da Asibitin Koyarwa. Likita suka nema tun farko, ba su samu gurbi ba, sai suka karɓi abin da aka ba su da niyyar in sun gama su sake ƙwanƙwasa ƙofa. To, ga shi digirin shekara 4 ya kan ja mutum har shekara 6. Shin wannan jinkiri zai hana shi shiga?

Hanyar da mai digiri ya kan bi ita ce ta shiga kai tsaye, watau ya cika takardar Hukumar JAMB, in an ɗauke shi ya fara daga aji biyu. Abin da masu ɗauka suke fara dubawa shi ne darajar digirin, da kuma kiredit biyar na sakandare: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Jami'o'i da yawa ba su sauraron wanda bai kai daraja ta biyu babba ba. Yawan shekarun da mutum ya yi a harabar jami'a ba ya cikin manyan sharuɗɗan. Sai dai jinkiri iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba a kan takarda.

Na farko shi ne wanda ba laifin ɗalibi ba ne. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na wata 9 a 2020, daga Maris zuwa Disamba, ga kuma annobar korona a wannan shekara. Sa'an nan ta sake wani na wata 8 a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wannan jinkiri bai taɓa makin kowa ba, kuma malaman da ke tantance masu nema ba su bukatar bayani a kansa, gama su ne suka yi yajin.

Na biyu kuwa shi ne na faɗuwa a darasi, abin da ɗalibai ke kira kari-oba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Bisa ga tsarin maki 5 na jami'o'in Nijeriya, darasin da aka faɗi sifili a kan rubuta masa, kuma ko an sake shi an ci, sifilin nan ba ya fita daga lissafi. Daraja ta biyu babba tana farawa daga 3.50. Saboda haka ɗalibin da ya kwashi kari-oba uku ko huɗu a shekarar farko, lokacin da yake cikin fushin an hana shi likita, ya kan wayi gari a shekarar ƙarshe yana ƙasa da layin nan da ɗan kaɗan. Ƙarin shekarar ba ita ta rufe masa ƙofa ba, abin da ya jawo ta ne. Wanda ya ɗage karatu a hukumance saboda ciwo ko haihuwa ko rashin kuɗin makaranta, shi makinsa yana nan lafiya, muddin dai ya rubuta takarda an amince. Wanda ya ɓace kurum ba sanarwa, faɗuwa za a rubuta masa.

Amma fa ko da maki ya tsira, shekaru ba su tsira ba. A ɗauka yaro ya shiga jami'a yana da shekara 19. Maimakon ya gama a 23, ya gama a 25. Ya yi bautar ƙasa, ga shi a 26. In Allah ya sa an ɗauke shi nan take, akwai shekara 5 a gabansa, da shekara guda ta aikin sanin makama a asibiti, watau sai yana da 32 zai zama cikakken likita, ba a ma zo maganar ƙwarewa ba, wadda ita ma ta kan ci shekara 5 ko fiye. Cikin wannan tsakani iyaye suna maganar aure, ƙanne suna jiran a ɗauki nauyinsu. Ga 'ya mace kuwa matsin ya fi haka, alhali Sakkwato ba abin da take nema kamar likitoci mata. Ma'aikacin gwamnati da ke da wannan buri shi ma sai ya nemi hutun ƙaro ilmi na shekara 5, abin da ba kowace ma'aikata ke bayarwa da daɗin rai ba.

A Amurka ba haka abin yake ba, gama can galibi sai mutum ya yi digiri kafin ya shiga makarantar likita, kuma da yawa su kan huta shekara ɗaya ko biyu a tsakani ba wanda ya ga aibu. A Ingila kuwa tun 2000 aka soma wani tsari na shekara 4 domin masu digiri kaɗai. A nan shekara guda tak ake rage wa mai digiri, sa'an nan ya shiga aji biyun da 'yan aji ɗaya suka riga suka cika. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, don haka abin da ya kan rage wa masu shiga kai tsaye ɗan kaɗan ne, kuma a tsakaninsu mai maki mafi tsoka ake zaɓa.

A ganin wakilinmu, ɗalibin Dundaye da ke da wannan buri ya daina ƙirga shekarun da yaji ya cinye masa, ya je wurin jami'in jarrabawa na sashensa ya ga inda makinsa ya tsaya tun yana aji biyu. Wanda ya ga 3.50 ta yi masa nisa, yana da zaɓin sake zama jarrabawar JAMB ya nemi aji ɗaya, inda ba a tambayar darajar digiri, ko da yake zai biya da ƙarin shekara guda.