Gaskiya ko Jita-jita: Haɗa Kiɗan Indiya da Jaz da Na'ura

Yawancinmu ta fim muka san kiɗan Indiya, shi ya sa da an ce ana haɗa shi da jaz da sautin na'ura sai hankali ya tafi kan waƙar soyayya. Ba ita ake nufi ba. Ana maganar kiɗan ilimi ne, wanda ɗalibi ke shafe shekaru a gaban malami kafin a bar shi ya hau dandali.

Akan ce wannan kiɗa a haddace yake, jaz ne ya koya masa ƙirƙira nan take. Jita-jita ce, kuma babba. Makaɗin sita yana da abu biyu a hannu: raga, wato ƙa'idar hawa da saukar sauti, da tala, wato zagayen bugu, kamar tintal mai bugu 16. A cikin wannan shinge yake ƙirƙira son ransa, wani lokaci har ya kwashe awa guda kan raga ɗaya. Hasali ma abin da ya ja mutanen jaz ke nan. John Coltrane ya naɗi kiɗan da ya kira India a 1961, ya kuma raɗa wa ɗansa suna Ravi saboda makaɗin sita Ravi Shankar.

Shekarar 1961 kaɗai ta rusa zancen cewa mawaƙan Beatles ne suka buɗe ƙofa, don sai 1965 George Harrison ya sa sita a faifansu. Sun dai yayata abin.

To batun cewa a Landan aka fara sa na'ura fa? Akwai ƙanshin gaskiya: faifan Talvin Singh na Landan mai suna OK ya ci kyautar Mercury a 1999. Amma tun 1982 Charanjit Singh, makaɗin fina-finai a Bombay, ya ɗora raga goma a kan bugun disko da na'urorin Roland. Faifan bai yi kasuwa ba, sai da aka sake fitar da shi a 2010 duniya ta farga.

Inda masu suka suke da hujja shi ne da suka ce kayan kiɗan Turawa na danne raga. Daɗin raga yana tsakanin sauti da sauti ne, inda makaɗi ke jan tsirkiya ya zame a hankali, fiyano kuwa tsalle yake daga maɓalli zuwa maɓalli. Kan wannan dalili, da ma wasu, gidan rediyon Indiya ya haramta harmoniyam, mai maɓallai kamar fiyano, daga 1940 zuwa 1971. A ganina masu gaskiya a wannan harka su ne waɗanda suka yarda da matsalar suka nemi magani. Da John McLaughlin ya kafa ƙungiyar Shakti tare da Zakir Hussain da L. Shankar da Vikku Vinayakram, mai kaɗa tukunyar ƙasa, ajiye jitar lantarki ya yi, ya sa aka ƙera masa wata da aka ƙwaƙule wuyanta don ya iya lanƙwasa sauti. Na'urar TB-303 ta Charanjit kuwa da ma tana iya zamewa daga sauti zuwa sauti, sai ta dace da raga ba da niyyar Japanawan da suka ƙera ta ba.