Gwajin PCR: Fasahar da ke gano cutar kifi kafin tafki ya ƙare

A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, matashin da ya zuba jarinsa a kiwon tarwaɗa yana iya rasa kifin tanki guda cikin 'yan kwanaki. Alamun sukan yi kama da juna: gyambo a fata, kumburin ciki, ƙin cin abinci. Ido ba zai iya bambance ko bakteriyar Aeromonas hydrophila ce, ko Edwardsiella tarda, ko kuwa lalacewar ruwa ce kawai ba. Shi ya sa mai kiwo yakan zuba magani bisa hasashe, kuɗi su tafi, ƙwayoyin cuta kuma su saba da maganin.

Yadda gwajin yake aiki

PCR shi ne gwajin da aka sani lokacin korona. Ba'amurke Kary Mullis ne ya ƙirƙiro shi a 1983, ya kuma samu kyautar Nobel a 1993. Ana ɗaukar samfur daga ƙoda, hanta ko saifar kifi, a ciro DNA, a haɗa da sinadaran da ke neman tambarin halittar bakteriya guda, kamar yadda waya ke gane zanen yatsan mai ita. Na'ura tana ɗumama samfurin zuwa kusan digiri 95, ta sanyaya, ta sake ɗumamawa. Kowane zagaye yana ninka tambarin sau biyu, don haka zagaye 30 na iya samar da kwafi sama da biliyan 1. Sakamako yana fitowa cikin sa'o'i, alhali rainon ƙwayar cuta a faranti yana cin kwanaki.

Akwai kuma LAMP, da masana a Japan suka bayyana a 2000. Yana aiki a zafi ɗaya, digiri 60 zuwa 65, kuma ana iya ganin sakamakonsa ta canjin launi. Wannan ya fi dacewa da inda lantarki ba ya zama.

Iyakar fasahar

Aeromonas tana rayuwa a ruwa ko da kifi lafiya yake, kuma PCR yana kama DNA ɗin ƙwayar da ta riga ta mutu. Dole likitan dabbobi ya haɗa sakamakon da alamun ciwo, sannan gwajin faranti ne ke tabbatar da maganin da zai ci.

Rawar wayar hannu

Mai kiwo zai iya ɗaukar bidiyon kifin da ke ciwo, ya rubuta adadin da ke mutuwa kullum, ya tura wa likita ta WhatsApp. Samfur mafi kyau shi ne kifi mai ciwo da ransa, ko wanda ya mutu yanzu, a cikin kula mai sanyi, kafin a ba da magani. Likitan zai iya neman taimakon Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, Jihar Filato.