Ɗakin ɗaukar waƙa a cikin gida: yadda ake kafa shi da kiyaye kayansa a ƙasar Arewa

A ƙasar Arewa, watau gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jahar Dosso, kiɗa da waƙa tsofaffin sana'o'i ne. Tun daga Matankari da Bagaji da Lugu har zuwa Dumega da Kore Mairuwa, akwai masu goge da ƙwarya, akwai makaɗan kokowa da na fada, akwai kuma zabiyoyi masu raya bukin aure da na suna. Abin da ya daɗe yana gagarar jama'a shi ne ɗaukar waɗannan muryoyi a ajiye su, domin na baya su ji yadda na gaba suka yi.

A da, mai son a ɗauki waƙarsa da kyau sai ya kama hanyar Yamai, tafiyar kilomita wajen 270 daga Dogon Dutsi. A can ne gidan rediyon ƙasa yake, wanda aka buɗe a 1958, aka kuma raɗa masa suna Muryar Sahel a 1974. Tun daga 1962 ma'aikatan ƙungiyar Radio-Clubs suna shiga ƙauyuka da rakoda suna ɗaukar maganar manoma, amma makaɗi kam sai ya jira a neme shi. Ko a zamanin Samariya, sa'ad da ƙungiyoyin kiɗa na zamani suka yawaita, har Dogon Dutsi ta yi tata mai suna Akazama, kayan ɗaukar sauti na kirki suna hannun hukuma. Daga baya hanya ta karkata zuwa Nijeriya. Bayan fitowar finafinan Hausa a Kano daga 1990, ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa masu aiki da fiyano na Yamaha suka bazu a biranen arewacin Nijeriya, ƴan Nijar kuma suka riƙa tsallakawa. Mdou Moctar, mai kiɗan jita da duniya ta sani yanzu, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar a 2008.

Yau al'amarin ya sake. Ƙaramar kwamfuta, da makirufo ɗaya, da ɗan akwatin da ke haɗa su, da abin sauraro na kunne, da lasifika biyu, sun isa saurayi ya soma aiki a zauren gidansu. Samun kayan ya yi sauƙi ƙwarai bisa ga da. Riƙe su har su shekara biyar suna aiki, a ƙasar da ke da ƙura da zafi da wutar lantarki mai ɗaukewa, shi ne babban aikin, kuma a nan ne dukiya take salwanta.

Sai a fara da ɗakin kansa. Sauti yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa ɗaya. A ɗaki mai faɗin mita 4, ke nan murya tana bugun bango ta komo fiye da sau 80 kafin daƙiƙa ta cika. In bangon na siminti ne mai santsi, rufin kuma na kwano, duk wannan amsa-kuwwa makirufo zai kwashe, waƙa ta fito kamar an rera ta cikin rijiya. Gwajin ba shi da wuya: mutum ya tsaya a ɗakin ya tafa hannu sau ɗaya, ya saurara. In ƙarar ta mutu nan take, ɗakin ya yi. In ta bar wata ƙara tana binta, akwai sauran gyara.

Abin mamaki, ɗakin da wasu samari ke rainawa shi ya fi dacewa da aikin. Ginin ƙasa mai kaurin bango, mai rufin azara, yana tare hayaniyar waje fiye da bulo mai rami a ciki, yaɓensa mai kaushi yana warwatsa sauti, ga shi kuma da sanyi a lokacin bazara. Wanda ya gaji irin wannan ɗaki ya riga ya sami rabin situdiyo. Abin da ya rage sai shimfiɗa tabarmi a ƙasa, a rataya barguna ko gwado mai nauyi a bango tare da barin ɗan fili tsakanin zane da bangon, a jingina tsohuwar katifa a kusurwa, domin a kusurwa ne sauti mai kauri yake taruwa. Ƙofa da taga su ne hanyar hayaniya, saboda haka a toshe duk wata kafa da tsumma ko roba. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango, wanda ya zama kamar alamar situdiyo a garuruwa da yawa, amfaninsa kaɗan ne: ba ya tare ƙarar babur ko ta injin niƙa, sai dai ya zama gidan kyankyasai da abincin gara, ga kuma hatsarin gobara. In ɗakin zagayayye ne irin na ƙauye, kada a kafa makirufo a tsakiyarsa, gama bango mai lanƙwasa a nan yake tara sauti.

Hayaniyar da bango ya kasa tarewa, lokaci yana maganinta. Wanda gidansa ke kusa da babbar hanya mai lamba 1, inda manyan motoci ke wucewa zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi, ya fi kyau ya yi ɗaukarsa bayan sallar isha'i, ya kuma bar ranar kasuwa ta wuce.

Makirufo iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai jure wahala, irin Shure SM58 da aka soma ƙerawa a 1966, wanda ba ya bukatar wuta, yana jure faɗuwa da ƙura, kuma ba ya kwasar ƙarar nesa. Akwai kuma mai saurin ji, wanda ke aiki da wuta mai ƙarfin bolt 48 daga ɗan akwatin nan. Shi wannan yana fitar da zaƙin murya da na goge, amma cikinsa akwai wata fata mai siranta ƙwarai, wadda ƙura ke liƙewa a kanta, in danshin damina ya same ta sai ta soma ƙara. Ga mai farawa a ƙauye, na farko ya fi rufin asiri. Bakin mawaƙi ya yi nisan kamar taƙi ɗaya daga makirufo, a sa wani siririn ƙyalle tsakani don tare hucin baki. In za a ɗauki goge da ƙwarya tare, goge ne za a matso da shi, ƙwarya a ja da ita baya, domin bugunta yana danne komai. Kuma a lura da ma'aunin sauti a kwamfuta: da zarar ya hau ja, sautin ya fashe, ba kuwa gwanin da zai gyara shi daga baya.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo ƙura mai laushi kamar gari, wadda ke shiga ko'ina. Ita ce ke sa maɓallin ƙara ya riƙa ƙarce-ƙarce in an murɗa shi, ita ce ke toshe ƴar fankar da ke sanyaya kwamfuta. Maganinta tsabta ce ta kullum: a lulluɓe kowane kaya da zane bayan aiki, makirufo ya koma akwatinsa, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge da busasshen ƙyalle ko burushi mai laushi. Kada a hura da baki, domin numfashi yana da danshi. Daga nan sai bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Na'ura tana da nata zafin na ciki, in aka haɗa da na gari sai ta riƙa tsayawa ko ta mutu. Bai kamata a ɗora kwamfuta a kan katifa ko a lulluɓe ta tana aiki ba. Kusu kuma yana son wayoyi, saboda haka a naɗe su a rataye, kada a bar su a ƙasa.

Amma abin da ya fi kashe kaya shi ne wutar lantarki, wadda jama'a ke kira kuran. Kamfanin NIGELEC yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 220, kuma tun 1976 yammacin ƙasar nan yana shan wani babban kaso na wutarsa daga Nijeriya ta layin Birnin Kabi. An ga nauyin wannan dogaro a watan Agusta na 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar, ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Ɗaukewar wuta tana tsayar da aiki, amma dawowarta ce ke ƙona kaya, domin sau da yawa takan zo da ƙarfin da ya wuce kima. Saboda haka da zarar an ɗauke wuta, a zare komai daga bango, a jira ta zauna kafin a mayar. Na'urar daidaita ƙarfin wuta ta kamata ta shiga lissafin kuɗi tun ranar farko, kafin ma a yi maganar lasifika mai tsada. Injin wuta, watau gurup, yana da illa biyu: ƙararsa tana shiga waƙa, wutarsa kuma tana hawa da sauka. Allon hasken rana da batir sun fi shi dacewa da wannan aiki, tunda ba su da ƙara, kayan ƙaramin situdiyo kuwa ba su da cin wuta sosai. Wajen kunnawa, lasifika ce ta ƙarshe. Wajen kashewa, ita ce ta farko. In hadari ya haɗu da walƙiya, a bar aiki a zare wayoyi.

Akwai wani nauyi kuma da ya hau kan duk mai irin wannan ɗaki, ko ya sani ko bai sani ba. Cikin gidaje da yawa na Arewa akwai tsofaffin kaset da ke ɗauke da muryoyin makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar ma'aikatan adana sauti ta duniya suka yi gargaɗi cewa na'urorin kunna irin wannan zare suna ƙarewa, an daina ƙera yawancinsu da kayan gyaransu. Labarin Mamman Sani ya nuna abin da kaset ɗaya ke iya yi. Ya ɗauki kiɗansa na fiyano a gidan rediyon ƙasa a 1978, aka buga kaset ƴan kaɗan, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta ji. Da zaren nan ya lalace, da shi ke nan.

Kaset yana son inuwa da sanyi, a ajiye shi a tsaye cikin gidansa, nesa da lasifika, gama maganaɗisun da ke cikinta yana iya ɓata abin da aka ɗauka. Kafin a kunna tsohon kaset, a goge kan rakoda da auduga da alkol, a juya zaren a hankali da biro a ga ko ya liƙe. Sannan a juye shi cikin kwamfuta da tsarin WAV, wanda ke cin wajen megabait 10 a minti ɗaya. MP3 yana cin kashi ɗaya cikin goma na wannan, amma yana zubar da wani ɓangare na sautin, aikawa ta WhatsApp a matsayin saƙon murya kuma tana ƙara rage shi. Wannan ya isa don sauraro a waya, amma asalin a ajiye shi wuri biyu ko uku, ɗaya a wani gida dabam, domin katin waya yakan mutu ba sallama.

Kowace ɗauka a rubuta mata suna a littafi: wane ne ya yi waƙar, su wa suka yi amshi, a wane gari, a wace rana. Wannan aiki ne da duk wanda ya gama karatun yaƙi da jahilci zai iya yi da Hausa. A kuma nemi yardar makaɗi kafin a ɗauka da kafin a watsa, musamman masu gogen bori, tunda akwai taken da ba a kaɗawa ko'ina. Mawaƙin da ke son a kare masa haƙƙinsa yana iya rajistar waƙoƙinsa a ofishin kula da haƙƙin mawallafa na ƙasa, watau BNDA, da ke Yamai.