Nana Asma'u: Uwar da ta mai da kakanni malamai

Idan aka ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya yi musu rahama, hankalinmu yakan tafi ga waƙoƙinta na Larabci da Fulatanci da Hausa. Mukan manta cewa uwa ce a gidan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta raini 'ya'ya, ta ga jikoki. Ɗanta Abdulƙadir ya yi wazircin Sakkwato, kuma daga wannan tsatso marigayi Waziri Junaidu ya fito.

Sai dai renonta bai tsaya a ƙofar gida ba. Ta lura matan ƙauye masu goyo ba sa iya barin ɗakunansu su zo karatu, sai ta nemi dattijai mata waɗanda shekaru suka sauke wa wannan nauyi. Takan naɗa wa shugabarsu, wato jaji, malfa, ta koya musu tauhidi da tsarki da salla cikin waƙa, su koma su karantar. Su ne 'Yan Taru. Ban da karantarwa, sukan yi jinyar marasa lafiya, su yi wa mata wankan gawa.

A nan ne abin ya dame mu. Gidajenmu da yawa yau sun bar kaka a ƙuryar ɗaki, jikoki na gaishe ta ido na kan waya, alhali irinta Nana ta damƙa wa ilimin ƙauyuka.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. 'Yar'uwarta Maryam ta ci gaba da karɓar jajojin.