FASHIN BAƘI: Daga filin jirgin Ambursa zuwa akwatin zaɓe, kalmomin "run" da ke rikita masu karatu

Matafiyin da ya taso daga Birnin Kebbi ya nufi Argungu zai ratsa ta Ambursa, inda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake. Titin da jirgi ke gudu a kansa kafin ya tashi shi ake kira runway da Turanci. Ruwan saman da ya sauka a kan wannan titi ya gangara gefe sunansa runoff. Zaɓen da ake sakewa idan ba a samu gwani ba shi ma run-off ne, wanda ya tsere kuma runaway. Duk sun fito daga kalmar run, wato gudu, amma ma'anoninsu sun yi hannun riga. Cakuɗa su yana sa a yi wa rahoton ambaliya ko sanarwar INEC gurguwar fahimta.

Runoff na ruwa

Idan aka yi ruwan sama, ƙasa takan sha wani, rana ta ƙafar da wani, saura kuma ya malala a doron ƙasa har ya isa kwata, rafi ko gulbi. Wannan da ya malala shi masana ke kira runoff. Ba shi ne ambaliya ba, amma idan ya fi ƙarfin hanyar da zai bi, ambaliya yake haifarwa.

Yawansa yana ƙaruwa idan ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwa, ko an sare itatuwa, ko an daɓe fili da siminti da kwalta. Toshe magudanai da leda kuma yana hana shi hanyar wucewa. A kwarin Rima ruwan yana zuwa daga nesa, domin abin da ya malala a Zamfara da Sakkwato yana taruwa a madatsun Bakolori da Goronyo, sannan ya biyo gulbi zuwa fadamun Argungu da Birnin Kebbi. Shi ya sa gona kan nutse a ranar da ko yayyafi ba a yi a garin ba. Manoman shinkafa na Kebbi sun ɗanɗana kuɗarsu a daminar 2020, lokacin da ruwa ya shanye gonaki ana dab da girbi. Kuma ruwan yakan tafi da ƙasar sama mai albarka da takin zamanin da manomi ya saya da tsada.

Saboda haka idan hukumar NiMet ko NIHSA ta yi hasashen ƙaruwar runoff, abin da ya kamata a tambayi gwamnati shi ne: an yashe magudanai, kuma ina kuɗin da aka ware domin yaƙi da zaizayar ƙasa?

Run-off na zaɓe

A nan ne ruɗanin ya fi yawa. A zaɓen gwamnan Kebbi na 18 ga Maris, 2023, Nasir Idris na APC ya samu ƙuri'a 388,258, Aminu Bande na PDP kuma 342,980. Tazarar 45,278 ce, alhali masu zaɓe a rumfunan da aka soke sun kai 91,829. INEC ta ce zaɓen bai kammala ba, aka ƙarasa shi ranar 15 ga Afrilu, inda Nasir Idris ya yi nasara da ƙuri'a 409,225 a kan 360,940.

Mutane da dama sun kira wannan run-off, amma a idon doka ƙarashen zaɓe ne. An yi shi ne a rumfunan da aka soke kaɗai, sunayen dukkan jam'iyyu suna kan takarda, kuma an haɗa sabbin ƙuri'u da na farko.

Run-off na ainihi, wato zagaye na biyu, Sashe na 179 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya tanade shi. Ɗan takarar gwamna yana buƙatar ƙuri'u mafi yawa, da kuma kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. A Kebbi mai ƙananan hukumomi 21, hakan na nufin 14. Idan babu wanda ya cika sharuɗɗan biyu, sai a sake zaɓe a faɗin jihar cikin kwana 21 tsakanin mutum biyu kacal. Na farko shi ne wanda ya fi kowa ƙuri'a. Abokin karawarsa kuwa ba lallai ne ya zama wanda ya zo na biyu a jimilla ba: shi ne wanda ya yi rinjaye a ƙananan hukumomi mafi yawa cikin sauran 'yan takara.

Sashe na 134 ya yi irin wannan tanadi ga zaɓen shugaban ƙasa, sai dai Najeriya ba ta taɓa zuwa zagaye na biyu ba. Ta kusa a 1979, lokacin da Obafemi Awolowo ya ƙalubalanci nasarar Shehu Shagari kan lissafin kashi biyu cikin uku na jihohi 19, Kotun Ƙoli ta tabbatar da Shagari. A Nijar kuwa abin ya faru a Fabrairun 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane.

Runaway da 'yan uwanta

Runaway asalinta wanda ya tsere, amma jaridu sun fi amfani da ita ga abin da ya ƙwace linzami. Runaway inflation na nufin hauhawar farashin da ta gagari magani, runaway victory kuma nasarar da aka yi wa abokin hamayya fintinkau. Idan aka ce wani ya yi run off with kuɗin jama'a, to ya yi awon gaba da su ne. Run for office tsayawa takara ce, running mate kuma wanda zai zama mataimaki.

Hanyar rarrabewa ita ce duba kalmomin da ke kewaye. Idan jumlar ta ambaci damina, madatsa ko magudana, ruwa ake nufi. Idan ta ambaci INEC, sai a tambaya ko a duk jihar za a kaɗa ƙuri'a ko a wasu rumfuna, kuma mutum nawa ne ke kan takarda. Amsar ita ke nuna wa mai katin zaɓe a Ambursa ko ƙuri'ar da ya kaɗa tun farko tana nan a lissafi, ko kuwa sai ya sake fita layi.